ZAFI DA SANYI A RAYUWAR MACIJI

Darasi domin uwayen ƙasa da hakimai da magatakardansu a ƙasar Sakkwato

A Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashen Turai akwai mutane masu yawa da su ke kiwon maciji a cikin ɗakunansu, kamar yadda a ke kiwon tantabaru ko zomaye a ƙasar Hausa. Cikin macizan da aka fi kiwo akwai wani marar dafi da a ke kira macijin masara. Watakila mai karatu ya ce, ina ruwan uban ƙasa da wannan al'ada ta baƙi? Amsa ita ce, masu wannan kiwo sun daɗe suna gwada zafin da maciji ya ke so da ma'auni, domin in sun kuskure dabbarsu ta mutu. Abin da suka gano kuwa bai tsaya ga macijin masara kaɗai ba, ya shafi kububuwa da kasa da kumurci da ke cikin gonaki da fadamun ƙasar nan. Wanda ya san irin zafin da maciji ya ke nema ya san inda za a gamu da shi, da lokacin da za a gamu da shi, ya kuwa iya gargaɗin talakawansa tun kafin a ɗauko masa gawa.

1. Jikin maciji da zafi

Zafin jikin mutum mai lafiya ya kan tsaya wajen digiri 37, ko da hunturu ko da bazara. Dalili shi ne, yawancin abincin da mutum ya ke ci jiki ya kan ƙone shi ya mai da shi ɗumi, kamar murhun da ba a bari ya mutu. In zafi ya yi yawa kuma sai gumi ya fito ya sanyaya fata. Haka shanu da awaki da tsuntsaye su ke, kowane da wutar cikinsa.

Maciji ba shi da irin wannan murhu, ba ya kuma yin gumi. Zafin jikinsa daga waje ya ke samunsa, watau daga rana, ko ƙasa, ko dutsen da ya sha rana. In yana son ɗumi sai ya ja jiki zuwa wuri mai ɗumi, in ya ishe shi ya koma inuwa ko rami. Kowa ya taɓa ganin ƙadangare da safe bisa katanga yana shan hantsi, sa'an nan da rana ta take ya ɓace. To, shi da maciji hanyarsu ɗaya ce.

Abubuwa uku sun biyo bayan wannan. Na fari, maciji ba ya bukatar abinci da yawa. Abin da jikinsa ya ke ƙonewa bai fi kashi ɗaya cikin goma na dabba mai gashi da ta yi nauyinsa ba, don haka ɓera ɗaya ya kan riƙe shi mako guda ko biyu. Na biyu, dukan ayyukan jikinsa, tafiya da narka abinci da saɓa da yaƙi da cuta, suna bin zafin wurin da ya ke. In zafi ya ƙaru da digiri 10 saurinsu ya kan kusa ninkawa, muddin dai ba a wuce iyaka ba. Na uku, akwai iyaka ɗin: in jikin maciji ya wuce digiri 40 ya daɗe a haka, yana bakin mutuwa.

Dukan alƙaluman da ke cikin wannan darasi na ma'aunin Santigired ne. Littattafan Amurka su kan yi amfani da na Faranhait. In magatakarda yana son juya Santigired zuwa Faranhait, sai ya ninka da 9, ya raba da 5, ya ƙara 32. Misali, digiri 30 ya zama 86.

2. Macijin masara

Asalin macijin masara kudu maso gabashin Amurka ne, wajen Fulorida da jihohin da ke maƙwabtaka da ita. Wani masani mutumin Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya sa shi cikin littafin sunayen dabbobi a 1766, sunansa kuwa a wurin masana a yau Pantherophis guttatus. Tsawonsa daga ƙafa 2 zuwa ƙafa 6 ne, jikinsa ja-ja da dabbare-dabbare masu baƙin gefe. Waɗansu sun ce ya sami sunansa domin a kan same shi gindin rumbunan masara yana farautar ɓeraye, waɗansu kuma sun ce domin zanen cikinsa ya yi kama da ƙwayoyin masara. Ba shi da dafi. Naɗe ɓera ya ke yi ya matse shi har ya mutu, kana ya haɗiye. A daji ba safai ya kan wuce shekara 8 ba, amma a hannun mai kiwon da ya san aikinsa ya kan yi shekara 15 zuwa 20, har fiye.

A daji shi ke zaɓa wa kansa rana ko inuwa. Amma da zarar an sa shi cikin akwati an rufe, zaɓi ya fita daga hannunsa, ransa ya koma hannun mai akwatin.

3. Yadda a ke ɗumama akwatinsa

Babbar ƙa'ida ita ce, kada akwati ya zama zafinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Lalle ne a yi gefen ɗumi da gefen sanyi, domin macijin ya riƙa kai da kawowa tsakaninsu kamar yadda ya saba a daji. Ga yadda masu kiwo su ke yi:

(a) Tsawon akwati kada ya gaza tsawon macijin. Babba a kan yi masa mai tsawon ƙafa 4, faɗi ƙafa 2, tsayi ƙafa 2, da ƙofofin iska da murfi mai kullewa. Ƙaramin akwati ba ya yin gefe biyu, zafi ya kan game shi duka.

(b) Gefen ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 28 da 30, wurin kwanciya ƙarƙashin fitila kuwa kada ya wuce 32. Gefen sanyi ya tsaya tsakanin 21 da 24. Da dare in zafi ya sauka wajen 20 babu laifi.

(c) Abin ɗumamawa iri biyu ne aka fi sani. Akwai wata shimfiɗa ta lantarki da a ke sawa ƙarƙashin sulusin akwatin, akwai kuma fitila da a ke ratayawa a sama a gefe ɗaya. Tilas a kewaye fitilar da ragar waya, don kada macijin ya naɗe ta.

(d) Kowane abin ɗumamawa a haɗa shi da na'urar da a ke kira tamostat, watau mai tsaron zafi, wadda ta ke yanke wuta da kanta in zafi ya kai adadin da aka sa mata. Wannan ba abin ado ba ne. Maciji ya kan kwanta bisa abu mai zafi har fatar cikinsa ta ƙone bai gusa ba.

(e) A sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a ƙasa inda macijin ya ke kwanciya. Tafin hannu ba ma'auni ba ne, domin abin da mutum ya ji da ɗan ɗumi-ɗumi watakila ya riga ya wuce abin da maciji zai jure.

(f) A sa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. In maɓoya ɗaya ce, tsoro zai sa ya zauna cikinta ko da zafin wurin yana cutarsa. Kaskon ruwa a ajiye shi a gefen sanyi.

In sanyi ya yi wa macijin yawa, sai ya ƙi abinci, ko kuwa ya ci abincin ya ruɓe cikinsa kafin ya narke, ya amayar. Daga nan ciwon huhu ya biyo, a ji yana numfashi da ƙara, majina na fita daga bakinsa. In zafi ne ya yi yawa, sai a ga yana zagaya akwati yana neman mafita, ko ya shige cikin kaskon ruwa ya ƙi fita. Sanyi sannu a hankali ya ke kisa, cikin makonni. Zafi kuwa cikin sa'a guda ya kan gama aiki, musamman in an bar akwatin gilashi inda rana ke dukansa.

Masu son ya hayayyafa su kan kwaikwayi sanyin ƙasarsa. Su kan daina ba shi abinci mako 2 ko 3 har cikinsa ya zama wofi, sa'an nan su sauko da zafi zuwa tsakanin digiri 10 da 15 har wata 2 ko 3. Bayan an mai da ɗumi sai a haɗa mace da namiji. Ƙwan da ta yi a kan ajiye shi cikin danshi a digiri 27 zuwa 29, ya ƙyanƙyashe bayan kwana 60 ko kusa da haka.

4. In da a Sakkwato ne

Littattafan wannan kiwo mutanen ƙasashen sanyi suka rubuta su, shi ya sa maganarsu duka ta ɗumamawa ce. A Sakkwato al'amarin ya juya. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana ya kan kai digiri 40, har ya wuce, ƙasar da rana ta daka kuwa ta kan wuce 50. Cikin ɗakin kwano a watan Afrilu babu gefen sanyi ko kaɗan. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa tsaron maciji a nan, ko a makaranta ne ko wurin likitocin dabbobi, aikinsa da bazara sanyayawa ne: a sa akwati a ƙasa cikin soro mai kaurin bango, nesa da taga, a rufa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, a kife jiƙaƙƙen kasko ya zama maɓoya. Dabarar da ta ke sanyaya ruwan randa ita ce ta ke aiki a nan.

A watannin Disamba da Janairu kuwa, sa'ad da hunturu ke busawa, zafin dare ya kan sauka wajen digiri 15, a nan ne ɗumamawa ta ke zama tilas. Inda lantarki ba ya tsayawa, a cika kwalba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta a bayan akwati ta gefe ɗaya. Kada a kusantar da kaskon gawayi, gama yana ƙuna, hayaƙinsa kuma yana kisa cikin rufaffen ɗaki.

Sai a lura da wani abu guda. A watan Agusta, tsakiyar damina, zafin Sakkwato ya kan tsaya wajen 22 da dare, wajen 31 da rana. Wannan kusan shi ne adadin da masu kiwo a Turai su ke biyan kuɗin lantarki don su samu. Watau da damina ƙasar gaba ɗaya ta kan zama kamar akwatin da aka gyara wa maciji.

5. Macizan gardawa

Masu tsaron maciji da aka sani a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni su ne gardawa, waɗanda su ke yawo kasuwa-kasuwa da macizai cikin akwati ko buhu suna wasa, suna sai da magani. Abin da aka faɗa a sama yana bisa macizansu. Macijin da ya kwana cikin sanyin hunturu da safe jikinsa a mace ya ke, a ɗauke shi a rataya a wuya ba ya ko motsi sosai. Wannan macijin da kansa, in ya sha rana zuwa azahar, ya zama wani abu dabam. Kada kuwa kowa ya ɗauka sanyi yana rage dafi. Saurin macijin kaɗai ya ke ragewa. Haka kuma cire masa fiƙa ba ya ba da aminci, domin wata ta kan tsiro a madadinta.

Don haka in gardi ya sauka kasuwa, ya kamata sarkin kasuwa ya tabbata an ba da fili tsakaninsa da 'yan kallo, ba a miƙa wa yaro maciji ya riƙe ba, akwati kuma yana inuwa a kulle.

6. Macizan daji da lokatan shekara

Macizai uku ne suka fi ɓarna a arewacin Nijeriya. Kububuwa, wadda a ke yi wa laƙabi da gobe da nisa, gajeruwa ce, ba ta cika wuce ƙafa 2 ba. In ta fusata ta kan goga jikinta ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a wuta. Dafinta yana hana jini daskarewa, har a ga jini na fita daga dasashi, in kuwa ba a yi magani ba mutum 1 ko 2 cikin 10 su kan mutu. Kasa mai kauri ce, ta kan kwanta shiru a bakin hanya har a taka ta. Kumurci kuwa yana tofa dafi a ido, ya kan kuma shiga gidaje da dare neman ɓeraye da kwaɗi da 'yan tsaki. Ga yadda zafi ya ke juya su:

Da bazara rana ta fi ƙarfinsu, sai su ɓuya a ramukan ɓeraye da suri da ƙarƙashin duwatsu, su fito da dare. Su kan kuma nemi sanyi da danshi inda mutane su ke ajiye su, watau gindin randa, makewayi, bakin rijiya, da lambunan fadamun gulbin Rima da gulbin Sakkwato. A lokacin ne kuma mutane ke kwana a tsakar gida bisa tabarma.

Da damina ɗumi ya yi daidai, abinci ya yalwata, ruwa ya cika ramuka ya kore su waje, ciyawa ta rufe su, manomi kuwa yana sunkuye da fartanya ba takalmi. In aka yi ambaliya, irin wadda ta auku a kwarin Rima cikin Satumba 2010, mutum da maciji tudu ɗaya su ke nema.

Da kaka ɓeraye su kan bi dammunan gero da dawa da tarin harawa, maciji kuma ya bi ɓeraye. Lokacin shuka da noma da lokacin girbi su ne sara ta fi yawa.

Da hunturu su kan rage yawo, su nemi inda ɗumi ya ke: tarin kara, itacen wuta, ƙarƙashin rumbu, tsagar bango, da duwatsun da suka sha rana. Mai ɗiban kara da safe shi ke cikin haɗari.

7. Amfanin wannan ilmi ga magani

Cikin shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa suka yi bincike mai zurfi a kan saran kububuwa. Daga aikinsu ne aka sami gwajin da likitoci ke yi har yau: a zuba jinin wanda aka sara cikin busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jini.

Daga baya aka riƙa kama macizai a Nijeriya, musamman wajen Kaltungo ta Jihar Gombe, a kai su makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Libaful a Ingila. Da ya ke sanyin can zai kashe su, sai aka ajiye su cikin ɗakunan da a ke ɗumamawa da ma'auni, bisa irin ƙa'idodin da aka bayyana a sama. Da dafin da aka tatsa daga gare su aka yi allurar makari iri biyu, ɗaya daga jinin tumaki a Birtaniya, ɗaya daga jinin dawaki a Kosta Rika. An gwada su a asibitin Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. Ashe ɗumama akwatin maciji ba wasan masu sukuni kaɗai ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 su ke mutuwa da saran maciji kowace shekara a duniya. A 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta ɗauki niyyar rage mace-macen da rabi kafin 2030.

8. Aikin uban ƙasa da magatakarda

Na ɗaya, a yi shela bisa lokaci. Da bazara a gargaɗi mutane su riƙe tocila da dare, su kwana bisa gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa. Da damina da kaka manoma da makiyaya su sa takalmin roba mai tsawo, kada a cusa hannu cikin rami ko dami sai an taɓa da sanda. Da hunturu a nisantar da kara da itace daga ɗakin kwana. Kowane lokaci a rage ɓeraye, a share gindin rumbu.

Na biyu, a koya wa jama'a abin yi in tsautsayi ya auku. A kwantar da hankalin mutumin, a cire zobe da munduwa, a ɗaura wa gaɓar karan tsare kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan. Kada a ɗaure da igiya tam, kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse ko neman macijin. Tsaga a jikin wanda kububuwa ta sara ƙofar zubar jini ce. Wanda kumurci ya tofa wa a ido a wanke da ruwa mai yawa, a kai shi ga likita.

Na uku, uban ƙasa ya bincika tun kafin damina ya san asibitin da ke da allurar makari mafi kusa da ƙasarsa, ko babban asibitin yankinsa ne ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya sanar da hakimansa. Makari na ruwa shi ma da nasa sha'anin zafi, sai an ajiye shi cikin firji tsakanin digiri 2 da 8.

Na huɗu, magatakarda ya buɗe littafi. Duk wanda aka sara a rubuta rana da wata, sa'a, ƙauye, aikin da ya ke yi, gaɓar da aka sara, irin macijin in an gani, halin gari, da yadda aka ƙare. In an yi shekara 2 ko 3 ana haka, littafin zai nuna ƙauyukan da suka fi shan wahala da watannin da abin ya fi tsanani. Da irin wannan littafi ne uban ƙasa zai nemi makari daga ma'aikatar lafiya da hujja a hannu.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jikin mutum da na maciji wajen samun ɗumi?
2. Don me a ke yi wa akwatin macijin masara gefen ɗumi da gefen sanyi? Faɗi adadin kowane.
3. Juya digiri 25 na Santigired zuwa Faranhait.
4. Ina maciji ya ke fakewa da bazara, ina kuma da hunturu?
5. Waɗanne abubuwa huɗu aka hana yi wa wanda maciji ya sara?
6. Tsara shafi ɗaya na littafin da aka ambata a kashi na 8, a nuna wa uban ƙasa.